Damargu: maganin sassauta jijiya ba ya hana kwatangwalon yaro gocewa

Ranar 6 ga watan Oktoba ta kowace shekara ce duniya ta ware domin masu lalurar shanyewar jiki da ke samo asali daga raunin ƙwaƙwalwa, wadda likitocin Nijar ke rubutawa IMC a takardun marasa lafiya. A ƙasar Damargu ranar kan faɗo a tsakiyar kaka, lokacin da hankalin jama'a ke kan girbin hatsi, ɗakunan yara na asibitoci kuma suke cike da masu zazzaɓin cizon sauro. Wasu daga cikin yaran da za su tsira daga zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa za su koma gida da jiki a sanƙare. Bayan ƴan shekaru wata matsala ta biyu za ta fara cin su a ɓoye: kan ƙashin cinya zai riƙa zamewa daga gurbinsa na kwatangwalo.

Abin da iyaye suka fi nema a irin wannan hali shi ne maganin da zai saki jikin yaro, kuma suna da hujja, domin uwar da ke fama da yi wa ɗanta wanka da tsarki ita ta san wahalar. Sai dai binciken da aka tara cikin shekaru 30 ya nuna cewa waɗannan magunguna suna rage ɗaurewar jiki, amma ba sa riƙe kwatangwalo a mazauninsa. Abin da ya tabbata yana ceton gaɓar shi ne a san yaran, a ɗauki hoton ƙashinsu a kan kari, a yi masu tiyata kafin lokaci ya ƙure. Tambayar da ke gaban gundumomin Tanut da Belbeji ita ce ko tsarin kiwon lafiya zai iya ɗaukar wannan nauyi, a daidai lokacin da gwamnati ta rage kuɗin asibiti da rabi, kuma ɗaya daga cikin manyan masu tallafa wa aikin gyaran gaɓoɓi ta bar ƙasar.

Lalurar da ake ba sunan wata

A karkara sau da yawa akan haɗa wannan lalura da shan inna, alhali suna da bambanci. Shan inna ƙwayar cuta ce da ke barin ƙafa a saɓule, kuma tun watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya OMS ta ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da nau'inta na asali. IMC kuwa rauni ne da ke samun ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a shekarunsa na farko. Raunin ba ya ƙaruwa, ba kuma a ɗaukarsa daga wani. Amma a mafi yawan yaran yana sa tsokoki su riƙa ɗaurewa, kuma wannan ɗaurewa ce ke lanƙwasa gaɓoɓi yayin da yaro ke girma. Inda aka ce yaron ɗan ruwa ne ko iska ce ta taɓa shi, akan ɓata shekarun da suka fi muhimmanci wajen neman magani a inda babu shi.

Sabubban da likitocin yara suka fi gani a yammacin Afirka sanannu ne: doguwar naƙuda da ke hana jariri samun iska, shawarar jarirai da ba a kula da ita da wuri ba, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai zuwa da jijjiga da suma. Duka suna nan a jihar Damagaram. Daga farkon Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 kaɗai, OMS ta ba da rahoton mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar, 18 daga cikinsu suka rasu. Ana ƙidaya waɗanda suka mutu, amma yaron da ya tashi da naƙasa ba kasafai yake shiga lissafin annoba ba.

A ƙasashe masu arziki yawan masu lalurar ya sauko ƙasa da yaro 2 cikin kowane 1,000 da aka haifa. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi adadin ya kai kimanin 3 cikin 1,000. Wani bincike da aka yi gida-gida a yankin Iganga da Mayuge na ƙasar Yuganda, aka wallafa a 2017, ya samu yara 2.9 cikin 1,000, kuma kashi ɗaya cikin huɗu nasu sun samu raunin ne bayan watan farko na haihuwa, akasari ta dalilin zazzaɓin cizon sauro da jijjiga. Da aka bi sawun yaran, rahoton 2020 ya nuna suna mutuwa ninki 25 fiye da sauran tsararrakinsu.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba gundumar Tanut fiye da mutum dubu 400, Belbeji kuma kusan dubu 100, kuma kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Idan aka ɗora ma'aunin Yuganda a kan waɗannan alƙaluma, lissafi zai ba da yara ɗari bakwai zuwa ɗari takwas a gundumomin biyu, tun kafin a ƙara yawan da jama'a suka yi daga wancan lokaci zuwa yau.

Yadda kwatangwalo ke gocewa

Yaron da ke da wannan lalura ana haihuwarsa ne da lafiyayyen kwatangwalo. Gaɓar kamar taɓarya ce a cikin turmi: kan ƙashin cinya mai zagaye yana zaune a cikin wani gurbi na ƙashin ƙugu. Tsayuwa da tafiya su ne ke gyara siffar ƙashin cinya, su kuma zurfafa gurbin. Yaron da bai tsaya ba, ƙashinsa ba ya samun wannan gyara. A lokaci guda tsokokin matsematsi da na gaban ƙugu suna jan cinya zuwa ciki dare da rana, waɗanda ya kamata su ja ta waje kuma ba su da ƙarfi. Sannu a hankali kan ƙashin ya riƙa hawa bakin gurbin, gurbin ya baje, har wata rana ya fita gaba ɗaya.

Haɗarin ya dogara ne a kan yadda yaro ke iya motsi. Tun 1997 likitoci ke amfani da wani ma'auni mai matakai 5 da aka tsara a Kanada. Yaron mataki na 1 yana tafiya ba tare da taimako ba, na 3 yana tafiya da abin dogarawa, na 5 kuwa ko kansa ba ya iya riƙewa sosai. Wani bincike na jihar Biktoriya ta Ostireliya da ya bi yara 323, aka wallafa a 2006, ya samu zamewar kwatangwalo a kashi 35 cikin 100 na yaran baki ɗaya. A mataki na 1 ba a samu ko ɗaya ba, a mataki na 5 kuwa kashi 90 ne. Ma'ana, duk yaron da bai iya zama ko tsayuwa da kansa ba yana cikin babban haɗari, ko da babu wata alama a fili.

Nan ne matsalar take. Zamewar kan fara ne tun yaro yana shekara 2 zuwa 3, kuma a farkonta ba ta da ciwo. Hannun likita kaɗai ba ya isa ya gano ta. Sai an ɗauki hoton ƙugu, wanda ake kira radiyo a asibitocin ƙasar, an auna kashi nawa ne na kan ƙashin ya fita daga inuwar gurbinsa. Wani likita ɗan Danmak, Jørgen Reimers, shi ne ya tsara wannan awo a 1980. Idan ya wuce kashi 30 an shiga haɗari, idan ya wuce 40 likitocin ƙashi kan fara maganar tiyata, idan ya kai 100 ƙashi ya fita.

Alamun da iyaye ke gani suna zuwa ne daga baya. Ƙafafu suna sarƙewa kamar almakashi. Goyo yana yin wuya domin cinyoyin ba sa buɗewa su rungumi bayan uwa. Yaro yana kuka idan an zo yi masa tsarki ko sa wando. Ƙafa ɗaya tana gajarta, gwiwoyi biyu suna faɗawa gefe guda. Idan ƙashi ya fita, zama yakan gagara, ƙashin baya ya karkace, gyambon kwanciya ya biyo baya, kuma da yawa suna rayuwa da ciwon da ba su da bakin faɗa. Yaron da a da ake zaunar da shi a tsakar gida cikin ƴan uwansa sai ya koma kwance a ɗaki.

Abin da magani ke yi, da inda ya tsaya

Magungunan sassauta tsoka da aka fi amfani da su ga waɗannan yara iri uku ne. Na farko diyazefam, wanda aka fi sani da Valium. Shi ne mai araha, kuma ana samunsa a cibiyoyin lafiya domin da shi ake tsayar da jijjiga. Wani gwaji da aka yi da yara 180 a garin Vellore na Indiya, aka wallafa a 2005, ya nuna ɗan ƙaramin awo da dare yana rage ɗaurewar jiki. Illarsa ita ce yawan barci, dalalar miyau da sabo da jiki ke yi da shi. Ga yaron da dama haɗiya ke yi masa wuya, maganin da ya ƙara kashe masa jiki na iya sa abinci ya bi ta hanyar iska ya jawo ciwon huhu.

Na biyu bakulofen, wanda ake sha a baki, ana farawa da kaɗan ana ƙarawa a hankali. Babban haɗarinsa shi ne yankewa farat ɗaya, abin da kan jawo jijjiga da ɗaurewar da ta fi ta farko. Wannan gargaɗi yana da nauyi na musamman a Damargu. Iyalin da suka sayo na wata ɗaya a Damagaram, suka koma ƙauye ko mashekari, idan ya ƙare ba lalle su samu wani a kusa ba. Bayan takunkumin CEDEAO na 2023 da rufe iyakar Benin, kayan da ke shigowa ƙasar, har da magunguna, sun koma bin doguwar hanyar Lome da Burkina Faso. Likitan da zai ɗora yaro a kan bakulofen ya kamata ya fara tambayar inda za a samo na wata mai zuwa. Akwai kuma wata ƴar na'ura da ake dasawa a cikin ciki tana tura maganin kai tsaye zuwa laka, amma tana buƙatar a riƙa cika ta duk bayan ƴan watanni a asibitin ƙwararru, kuma tsayawarta na iya kashe yaro. Ba ta dace da wanda ke nesa da irin wannan asibiti ba.

Na uku allurar botulinum, wadda aka fi sani da Botox. Ana yin ta a cikin tsokar da ta ɗaure, ta saki na wata uku zuwa shida, sannan a sake. Tana da tsada, tana buƙatar ajiya cikin sanyi, kuma a 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tilasta a rubuta gargaɗi mafi girma a jikin kwalinta, saboda gubar na iya bazuwa ta taɓa haɗiya da numfashi.

A kan wannan allura ce aka fi ɗora fata a shekarun 1990 da 2000: tunda tsokar matsematsi ce ke jan ƙashi, idan an sake ta ai ƙashin zai zauna. Likitocin birnin Melbourne, ƙarƙashin Farfesa Kerr Graham, sun gwada wannan tunani da yara 91. Rukuni ɗaya an yi masu allura duk wata shida har shekara uku, tare da wani abin ɗaurawa mai buɗe cinyoyi, ɗaya rukunin kuma ba a yi masu ba. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna ɗan jinkiri kaɗan a zamewar, amma ƙashin ya ci gaba da fita, kuma masu binciken da kansu suka ce ba su ba da shawarar wannan hanya ba. Da aka sake duba wasu daga cikin yaran bayan kimanin shekara goma, rahoton 2012 ya nuna allurar ba ta rage buƙatar tiyata ba.

Dalili a fili yake. Ɗaurewar tsoka kashi ɗaya ne na matsalar. Rashin ƙarfi, rashin tsayuwa da siffar ƙashin da ba ta gyaru ba suna nan ko da an saki tsokar. Wani lokaci ma sakin kan ruɗi iyaye da ma'aikatan lafiya: cinyoyi sun buɗe, kuka ya ragu, sai a ɗauka an samu sauƙi a daina bibiya, alhali ƙashi na ci gaba da tafiya. Akwai kuma yaran da ɗaurewar ce ke taimaka masu su tsaya, idan aka sake ta da yawa sai su zube. Magungunan suna da amfaninsu wajen rage ciwo, samun barci da sauƙaƙa wanka, amma a hannun likita. Ƙwayoyin da ake talla a kan tire a tasha da kasuwa, waɗanda ba a san ƙarfinsu ko ingancinsu ba, haɗari ne ga yaro mai ƙarancin nauyi.

Darasin Suwidin

A 1994 likitocin kudancin Suwidin, a yankunan Skåne da Blekinge, suka fara wani shiri da daga baya aka sani da CPUP. Babu sabon magani a cikinsa. Sun rubuta sunan kowane yaro mai lalurar, suka sa masu gashin ƙashi su riƙa auna gaɓoɓinsa a kai a kai, suka tsara lokacin ɗaukar hoto gwargwadon matakin yaro, suka kuma yi aiki da zarar awo ya nuna haɗari. Kafin shirin, kashi 8 cikin 100 na yaran ƙashinsu na fita gaba ɗaya. A cikin waɗanda aka haifa daga 1992 zuwa 1997 adadin ya sauko zuwa rabin kashi ɗaya, kuma rahoton shekaru 20 da Farfesa Gunnar Hägglund da abokan aikinsa suka fitar a 2014 bai samu ko ɗaya ba cikin waɗanda aka haifa daga 1998 zuwa 2007. Ƙasashen Norwe, Danmak da Sikotilan sun kwaikwayi tsarin.

Amfanin ganowa da wuri shi ne aikin yana zama ƙarami. A matakin farko akan tsawaita tsokokin matsematsi da ɗan yanka. Wannan yana aiki sosai ga masu tafiya: a wani bincike na Melbourne na 2012 ya yi nasara a kashi 94 na yaran mataki na 2, amma kashi 14 kawai a mataki na 5. Don haka yaran da suka fi naƙasa galibi sai an kai ga gyaran ƙashin cinya da na ƙugu, aiki mai buƙatar jini, ƙwararren mai sa barci da jinyar makonni. Idan kuma aka bari ƙashi ya daɗe a waje har kansa ya lalace, sai dai aikin rage ciwo, gaɓar ba ta komawa.

Nisa, kuɗi da shekara biyar

Ba wanda zai ce Tanut ta zama Suwidin. Amma kayan da shirin ya ginu a kai, wato littafin rajista, awon gaɓa da hoton ƙugu guda ɗaya, ba su fi ƙarfin asibitin gunduma ba. Abin da ke hana ruwa gudu shi ne hanya da aljihu. Daga Tanut zuwa asibitin ƙasa na Damagaram kimanin kilomita 140 ne. Wanda ya fito daga Tarka, Gangara, Olelewa ko yankin makiyaya na Tenhiya sai ya fara biyan amalanke ko babur kafin ya ga kwalta. Asibitin yara na CURE, wanda aka buɗe a Yamai a 2010 domin tiyatar ƙashi da gyaran naƙasar yara, yana da nisan kusan kilomita 900 daga Damagaram. Asibitin ƙashi na Dala da ke Kano ya fi kusa, amma sai an tsallaka iyaka an biya da naira. Yaro ɗan shekara shida da ba ya zama, ɗaukarsa a motar haya yana buƙatar mutum biyu, ga gona ko dabbobi da sauran yara da za a bari a gida.

Ta fuskar doka akwai abin dogaro. Tun 2006 Nijar ta mayar da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, ta kuma kafa dokar shigar da su cikin al'umma a watan Disamban 2019. A ranar 22 ga Agustan 2024 majalisar ministoci ta rage kuɗin ganin likita, gwaje-gwaje, hoto, kwanciya da tiyata da kashi 50 cikin 100 a asibitocin gwamnati, ta kuma mayar da haihuwa kyauta, daga 1 ga Satumba. Haihuwa kyauta rigakafi ce ta kai tsaye ga wannan lalura, muddin ta sa mata suna isa asibiti kafin naƙuda ta yi tsawo.

Sai dai akwai giɓi biyu. Na farko, tsarin kyauta ya daɗe yana fama da jinkirin biyan asibitoci kuɗin da suka kashe, abin da kan bar su babu magani da kayan aiki, har iyaye su koma saye a waje. Na biyu ya shafi shekaru. Hotunan farko, na shekara 2 zuwa 4, suna faɗowa cikin lokacin kyauta, kuma wannan dama ce da ya kamata a yi amfani da ita. Amma babbar tiyata sau da yawa tana zuwa ne bayan yaro ya wuce shekara 5, lokacin da kyauta ta ƙare. Rabin kuɗin babban aiki, haɗe da mota, abinci da masauki, har yanzu ya fi ƙarfin manomin da ke jiran damina ɗaya a shekara.

Bayan tafiyar CICR

A ƙarshen Janairun 2025 hukumomin Nijar suka umarci ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa CICR da ta rufe ofisoshinta, bayan shekaru 35 tana aiki a ƙasar. A ƙarshen watan Mayu shugaban ƙasa Janar Abdourahamane Tiani ya zarge ta da hulɗa da ƴan ta'adda, zargin da ƙungiyar ta musanta a watan Yuni lokacin da ta sanar da rufewar. Ko me mutum ya ɗauka game da wannan taƙaddama, tana da tasiri a kan batun da ake magana: shekaru da dama CICR ce ke tallafa wa cibiyoyin gyaran gaɓoɓi na asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram da kayan aiki da horo. Irin waɗannan cibiyoyi su ne ke ƙera takalman gyara da sauran abin dogarawa, su ne kuma ke karɓar yaro bayan tiyata. Tiyatar kwatangwalo da ba a bi ta da gashi da kujerar da ta dace ba, rabin aiki ce.

Gwamnatin da ta ɗauki ƴancin kai a matsayin takenta, nauyin ya dawo kanta. A watan Mayun 2023 babban taron lafiya na duniya ya amince da ƙudurinsa na farko da ke neman ƙasashe su shigar da aikin gyaran jiki cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko. Ga ma'aikatar lafiya, fassarar wannan ƙuduri ita ce kasafi na dindindin ga cibiyar Damagaram, da tura masu gashin ƙashi zuwa asibitocin gundumomi irin Tanut.

Abin da ke hannu

Nijar tana da wata hanya da ta riga ta isa ƙofar gidaje. Kowace damina, daga Yuli zuwa Oktoba, wakilan lafiya na ƙauyuka suna zagayawa wata-wata a yawancin gundumomin ƙasar suna ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, suna kuma auna damtsensu domin gano tamowa. Ƙara tambaya ɗaya a takardarsu ba zai ci kuɗi ba: akwai yaron da ya kai shekara biyu bai iya zama ko tsayuwa ba? Sunayen da aka samu su tafi cibiyar lafiya ta CSI, daga nan zuwa gunduma. Ga makiyaya, ranakun kasuwa, rijiyoyi da zagayen allurar rigakafi su ne mahaɗa.

Mataki na gaba shi ne a ware ranaku a shekara da za a tara yaran a ɗauki hotonsu, na farko a shekara 2, sannan duk wata 6 zuwa 12 ga waɗanda ba sa tafiya. Awon Reimers abu ne da ma'aikacin jinya zai koya da ƴar rula, akwai ma manhajar wayar salula ta kyauta mai suna HipScreen da aka yi domin haka. Hoton da ya wuce kashi 30 a tura shi ta waya ga likitan ƙashi a Damagaram, ta yadda iyali ba za su yi tafiya ba sai an tabbatar akwai dalili. Damagaram tana da makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta ENSP da sashen likitanci na jami'ar André Salifou, inda za a iya koyar da wannan tun a aji. Sai kuma gyara ɗaya a kan takarda: a tsawaita jinya kyauta ga yaran da ke cikin rajistar har bayan shekara 5. Rajista ba tare da hanyar tiyata ba tana ƙara wa iyaye baƙin ciki ne kawai, don haka dole a ɗaure matakan biyu tare.

Iyaye ma suna da nasu rabon. Yaron da ba ya tafiya a nema masa hoton ƙugu ko da ba ya kuka. A riƙa sauya masa kwanciya, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, a zaunar da shi da madogara, a tsayar da shi kullum gwargwadon yadda mai gashin ƙashi ya nuna. Kafintan unguwa zai iya ƙera kujera da abin tsayuwa idan an ba shi awo. Waɗannan ba sa maye gurbin hoto, amma suna rage ciwo da gyambo. A kula da abincinsa, domin yaro mai tamowa ko ƙarancin jini ba ya jure tiyata. Kada a kai shi ga maɗori a ja ƙafar da ƙarfi: wannan ba targaɗe ba ne, kuma ƙashin yaron da ba ya tsayuwa yana da saurin karyewa. Kada a fara maganin sassauta jiki ko a yanke shi ba da sanin likita ba.

Rigakafi kuwa shi ne mafi araha: awon ciki da haihuwa a gaban ungozomar asibiti, gaggauta kai jaririn da idonsa ya yi ɗorawa a makon farko, gidan sauro, allurar sanƙarau, da allurar zazzaɓin cizon sauro da Nijar ta ƙaddamar a Gaya a watan Satumban 2024. Amma yaran da lalurar ta riga ta sama suna nan a Tanut da Belbeji, kuma ƙashinsu ba ya jiran kasafin baɗi. Wanda yake shekara 2 a wannan kaka zai cika 5 nan da damina uku. Ko zai girma yana zaune cikin ƴan uwansa ko a kwance, ya dogara ne a kan ko wani ya rubuta sunansa ya kuma ɗauki hoton ƙugunsa kafin lokacin.